Kujerar Yarinya

Duk wanda ya san unguwar Bab Makka ta Jidda a shekarun nan ya san rumfar Abdulghaffar mai gyaran adaka. Alhazai kan sauko daga jirgin ruwa da akwatunan ƙarfensu a lotse, wannan marfi ya ɓalle, wancan kwaɗo ya ƙi buɗuwa, shi kuwa ya zauna da guduma a hannu da ƙusoshi a baki yana mayar musu da su yadda suke. Haifaffen Jidda ne, a unguwar Nuzla aka binne cibiyarsa. Hausarsa rabi Larabci ce, amma in ransa ya ɓaci da harshen ubansa yake faɗa. Sana'arsa dai ba wanda ya taɓa kushe ta. Abin da ya sa maƙwabta ke masa kallon mai ɗan taɓi shi ne bangon rumfar.

Bangon nan cike yake da tsofaffin takardu a cikin gilashi, masu ado da zanen furanni da hatimai, kowace da hoton jirgin ƙasa yana tuƙa hayaƙi. Takardun hannun jari ne na kamfanonin layin dogo. Mutanen da, Turkawa da Masarawa da Indiyawa da Buhariyawan tsakiyar Asiya, sukan saye su da fatan arziki, kamfanin ya mutu, takarda ta zama ba ta sayen ko albasa. Da yake kuwa tana da kauri, jikokinsu sai su liƙe cikin adaka da ita don kada tsatsa ta taɓa tufafi. A nan Abdulghaffar ke tsintarsu. Ya kara su a tururin butar shayi, ya ɓamɓare a hankali kamar mai cire wa jariri ƙaya, sannan ya yi wa mai akwatin tambayarsa guda.

"Ya Hajji, wannan jirgin an gina shi?"

In aka ce an gina, sai ya mayar da takardar inda ya same ta. In aka ce ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa ba, ranar kyauta zai yi gyara. Dokarsa ke nan, ba ya ajiye takardar jirgin da ya taɓa aiki. Akwai wata da ta daɗe a bangon, har ranar da wani dattijo Ba'indiye ya rantse masa cewa shi da ƙafarsa ya hau jirgin yana yaro. Kafin la'asar Yahya mai tsire na naɗe nama da ita.

"Jirgin da aka gina yana makara, yana lalacewa a daji, yana take awakin mutane," in ji shi ga duk mai son ji, da wanda ba ya so. "Nawa kuwa babu wanda ya taɓa makara." Maƙwabta su kaɗa kai su ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Uwar takardun duka ba ta rumfar. Tana gida a Nuzla, a bangon ɗakin baƙi, kuma ita ce kaɗai abin da ya gada daga ubansa, Ubale. Ubale ya baro ƙasar Katagum da ƙafa yana saurayi, shekarar da Nasara suka shigo, ya yi ta noma da dako a hanya har ya kai Sawakin, bakin teku. A can wani ɗan kasuwa mai jar dara ke sayar da hannun jarin wani layin dogo da aka ce zai tashi daga Bahar Maliya ya bi hanyar alhazai har Tafkin Cadi. Ubale bai san hannun jari ba. Shi a fahimtarsa wurin zama ake sayarwa a jirgin, ya kwance ɗan guminsa ya saya. Har ya rasu sunan da yake kiran takardar ke nan, kujerar yarinya. Wace yarinya, bai taɓa faɗa ba, don mutanen da suka zo da ƙafa ba su cika maganar abin da suka baro a baya ba. Matarsa Luba ta yanke hukunci tun da wuri cewa wata mai sayar da shayi ce a Sawakin, ta kuwa yi masa gorin ta har tsufa. Abdulghaffar ya taso da wannan fassara, bai taɓa neman wata ba. Abin da ya sani shi ne kullum da safe yana goge gilashin da hannun rigarsa, kuma daga wannan takarda cutar tara sauran ta kama shi.

Ana nan, aikin hajjin shekarar da aka gama yaƙin basasa a Najeriya, wata tsohuwa ta tsaya a bakin rumfar da adaka a ka, tana tambayar ɗan Ubale na Katagum. 'Yar ƙarama ce, baƙa, ba ta da haƙora sai na goro. Ta dube shi daga rawani har takalmi ta ce kunnuwan nan na gidansu ne. Sunanta Dela, ƙanwar Ubale ce uwa ɗaya uba ɗaya, ɗanta Rafi'u mai fataucin gyaɗa ne ya biya mata kujerar Makka. Abdulghaffar, wanda bai taɓa sanin yana da dangi a bayan teku ba, ya ji ƙirjinsa ya cika. Ya rufe rumfa da rana tsaka, ya kai ta gida wurin matarsa Mastura. Da ta dawo daga Makka da Madina ma a gidan ta sauka, tana jiran ranar jirginta.

A nan ne bakinsa ya yanka masa wuya. Mutanen Hijaz na da wata al'ada: in baƙo ya yaba abinka, kai kuma ka ce masa muƙaddam, wato ga shi an miƙa maka. Shi kuma baƙon ya dafa ƙirji ya ce ai ya fi kyau a wurin mai shi. Shi ke nan, kowa ya fita kunya, abu na nan inda yake. Ana yi wa agogo, ana yi wa darduma, har mota ana yi wa, ba a taɓa jin wanda ya tafi da motar ba.

Wata safiya bayan an karya da wake da gurasa, Gwaggo Dela ta tsaya gaban takardar Ubale. Kore ce da ruwan zinariya, bisimilla a sama an murɗa ta kamar igiya, ga hatimi zagayayye a tsakiya, ga jirgi a ƙasa yana ratsa dabinai.

"Audu Gafaru," ta ce, don haka ta iya sunan, "wannan aya ta yi kyau."

"Muƙaddam, Gwaggo," in ji shi, bai ko ɗago daga kofin shayinsa ba.

Ta juya ga Mastura. "'Yar nan, me ya ce?"

Mastura ta dubi mijinta, ta dubi tsohuwa. Mace ce da ba ta iya ƙarya da safe ba. "Cewa ya yi ya ba ki, Gwaggo."

Abdulghaffar ya gyara zama yana jiran a dafa ƙirji. Gwaggo kuwa a garinsu ba a mayar da hannun kyauta baya, balle kyautar ɗa. Ta yi ɗage, ta zare gilashin daga ƙusa, ta rungume, ta shiga sa masa albarka tun daga kansa har jikokin da bai haifa ba. Yana amsa amin, shayi na zuba masa a cinya.

Yana tafiya rumfa yana lallashin kansa cewa zai bi ta a hankali da yamma. Bai san Gwaggo ba. Ita babbar damuwarta a duniya jirgin sama ce. A zuwa, tun daga Kano ta rufe ido, ta kama wuyan hannun wata Bazazzagiya da ba ta sani ba, ba ta sake ta ba sai a Jidda, hannun ya kumbura. Ta sha cewa da ana barin mutum ya koma da ƙafa da tuni ta kama hanya. To ga aya daga ƙasa mai tsarki, da hatimi, har da hoton abin hawa a jiki. Kafin azahar ta kai wa Bello baduku, Bahaushen Sudan da ke ɗinka wa alhazai takalma da ɗamara a bayan layinsu. A garin nan ba a son ganin laya, saboda haka Bello a ƙarƙashin tebur yake wannan aikin. Ya ninke takardar ninki a kan ninki har ta koma kamar kwalin ashana, ya ɗinke ta cikin jar fata.

Da Abdulghaffar ya dawo ya ga gilashi wayam a jingine da bango, ga jar laya a wuyan Gwaggo, sai da ya nemi wuri ya zauna. Takardar da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta. Ya ji ninkin nan ɗaya bayan ɗaya a gadon bayansa.

"Ya sheikh, ba ka karanta abin da ke ciki ba?" ya tambayi Bello daga baya.

"Na karanta," in ji Bello. "Sikka hadid ce, layin dogo. Amma ni baduku ne, ba mai fatawa ba. An ce ɗinka, na ɗinka."

Ya fara gwada gaskiya. Ya durƙusa gaban Gwaggo bayan la'asar, ya yi gyaran murya, ya ce mata wannan fa ba addu'a ba ce, takardar kasuwanci ce ta wani jirgin ƙasa.

"Haka malamai ke cewa in ba sa so a san asirinsu," ta ce.

"Wallahi, Gwaggo, ni ba malami ba ne. Jirgin ma ba a gina shi ba. Ko taku ɗaya bai taɓa yi ba."

"Bai taɓa tafiya ba?"

"Ko sau ɗaya."

"To bai taɓa faɗuwa ba ke nan." Ta shafa layar, ta tura ta cikin riga. "Irinsa nake nema."

A ce ya nemi ta mayar masa da abin da ya ba ta da bakinsa, a gaban matarsa, wannan ba ya cikin abin da ɗa ke yi wa gwaggonsa, ko a Katagum ko a Jidda. Ya bar ta ta tafi da shi kuma, yana ji kamar za a sake binne ubansa ne a ƙasar da ba zai iya ziyarta ba. Abinci ya daina shiga. A rumfa ya buga wa wani Bamisire marfin adakar wani Bature na Bosniya, aka yi ta rigima da harsuna uku.

Dabara ta zo masa wajen alwala. Gwaggo ba ta shiga banɗaki da sunan Allah a jikinta, kullum sai ta cire layar ta rataye a ƙusar da ke bakin ƙofa. Ya samo farar takarda mai kauri, ya rubuta addu'ar matafiyi da hannunsa, tsaf, har da wasali. Ya gaya wa kansa cewa wannan ba cuta ba ce, taimako ne, don ta ma fi waccan amfani a sama. Bello ya ɗinka ta cikin jar fata iri ɗaya, igiya iri ɗaya, uwar da ta haife su ma ba za ta bambanta su ba. Abdulghaffar ya nuna wa Mastura, ya saka a aljihun rigarsa ta fita da ke rataye a ɗaki, ya ce gobe in ya dawo cin abincin rana zai musanya.

Mastura na son mijinta, kuma ta san yakan daburce in ya zo yin abin da bai saba ba. Ballantana ita ta fassara maganar da ta jawo wannan duka, abin na cin ta. Washegari da hantsi, ya fita da rigar aiki, Gwaggo ta shiga wanka. Mastura ta lallaɓa ta zare ta ƙusa, ta rataya ta aljihu, ta saka ta gaskiyar a aljihun rigar. Ta yi niyyar gaya masa in ya dawo, sai maƙwabciya ta aiko cewa naƙuda ta kama 'yarta, ta yafa mayafi ta fita.

Da azahar ya shigo, gida ba kowa sai Gwaggo. Ya ɗauko abin da ke aljihu, ya zauna yana ta cika mata kofi da shayi, yana ƙara mata, har ta ce ko so yake ta koma gida da teku a ciki. Can ta miƙe ta ɗauki buta. Ya yi sanɗa kamar ɓarawon kaji, ya zare ta ƙusa, ya rataya ta hannunsa, ya fice ko abinci bai ci ba. A rumfa ya ja labule, ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya farke ɗinkin da reza. Ya warware takarda, sai ga rubutunsa na kallonsa, tsaf, har da wasali.

Da yamma da suka haɗa labari shi da Mastura, ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Ya Abu Hamad, taimakonka na yi," ta ce, don da sunan ɗansu suke kiran juna kamar yadda ake yi a can.

"Na sani, Ummu Hamad. Ni ma taimakon kaina na yi. Mu biyu muka taru muka mayar mata."

Ita dariya ta ci ƙarfinta har ta toshe baki da mayafi. Shi bai ga abin dariya ba. Ya mayar wa Bello ya sake ɗinkewa, da niyyar gwadawa gobe. Sai dai Gwaggo ta lura cewa ta rataye layarta tana duban gabas, ta fito ta same ta tana duban yamma. Ta ce gidan nan akwai mutanen ɓoye masu taɓe-taɓe. Daga ranar ta kulle ta a adakarta, ta rataya mabuɗin a wuya. Kwaɗon kuwa shi da kansa ya sa mata ranar da ta zo, mafi ƙarfin da ke rumfarsa, yana fahariya cewa ko shi ba zai iya buɗe shi ba.

Ranar tafiya ta zo. Ya raka ta masaukin alhazai na filin jirgi, inda jama'a ke zube tun safe a kan kayansu, ga jarkokin zamzam, ga farantai masu hoton Ka'aba, ga rediyoyi a kwali. Layar na wuyan Gwaggo, ta jabun na aljihunsa, ya riga ya fid da rai. Suna zaune a kan adakarta, tana ɓare goro da farce, ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Matarka ta ce min takardar nan ta Yaya ce. Shi ya sa na ƙara riƙe ta. Ban da ita ba ni da abin da hannunsa ya taɓa."

Kunya ta kama shi.

"Ranar da zai tafi ina 'yar mitsitsiya, ko tallan fura ban isa ba. Na bi shi da gudu har bayan gonaki, wajen wata tsamiya, na kama ƙafarsa na ce sai dai mu tafi tare. Ya tsuguna ya ce, Dela, ƙafarki ba ta kai ba, hanyar da nisa. Ki bari in je, zan nemo miki abin hawa, ki zo a zaune kamar 'yar sarki." Ta jefa goro a baki. "Na yi ta zuwa tsamiyar nan. Har bayan an yi min aure, in na ji ayari ya sauka sai na leƙa. Yaro ne shi ma, ya faɗa ne don in sake masa ƙafa. Na san kafin ya kai Kukawa ya manta."

Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta cire layar daga wuya, ta danƙa masa a tafin hannu. "Riƙe min in kewaya kafin a kira mu. Kai jinina ne, aljanu ba sa karɓa daga hannunka." Ta ɗauki buta ta shige cikin jama'a.

Ga ta gaskiya a hannun dama, ga ta jabu a aljihun hagu, ba mai kallonsa. Abin da ya yi ta nema ya zo har inda yake zaune. Amma hankalinsa ba ya nan. A zuci yana ganin ubansa a tsakar gidansu na Nuzla, Luba na masa gorin mai shayin Sawakin, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murza yatsun ƙafarsa da hanya ta fasa. Ashe tsohon ba kunyar budurwa yake ji ba. Alkawari ya ɗauka, ya biya kuɗinsa, jirgin ne bai zo ba. Tausayin ubansa ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar jana'iza.

Da Gwaggo ta dawo ya miƙe, ya rataya mata layar da hannunsa, wadda ta ba shi.

"Gwaggo, bai manta ba."

"Wa?"

"Baba. Takardar nan wurin zama ya saya da ita a jirgin da aka ce zai je har ƙasarku. Da gumin dako ya saya, tun kafin ya ga Makka. Har ya rasu kujerar yarinya yake ce mata. Mu ne ba mu san yarinyar ba."

Ta tsaya da buta a hannu, bakinta ya daina tauna. Mutane na ture ta suna wucewa. Hawaye ya bi tsagen fuskarta ya sauka a kan jar fatar, ba ta share ba. Can ta ja hanci ta dube shi.

"Kujerar, ta bakin taga ce?"

"Ta bakin taga ce, Gwaggo."

"To madalla. Ya san ni da son kallo."

Aka kira jirginsu. Ta bi layi da jarkar zamzam a ka, hannu ɗaya a ƙirji, ba ta nemi wuyan hannun kowa ba. Ya tsaya a bakin shingen waya har jirgin ya ɗaga ya karkata ta kan teku.

A gida ya tarar da Mastura a ɗakin baƙi, ta ɗauko gilashin da ba komai a ciki tana juya shi.

"Ka samu ka musanya?"

Ya zaro layar jabu ya ajiye mata a kan matashi. "Halas, shi ke nan, ta tafi da abarta."

"Ya Abu Hamad, takardar da kake gogewa tun kafin ka aure ni?"

"Kin san dokata, Ummu Hamad. Ba na ajiye ta jirgin da ya yi aiki." Ya karɓi gilashin ya mayar da shi a ƙusarsa, ya goge da hannun riga. "Wannan yau ya ɗauki fasinjarsa."